Tambaya kan sabar OCSP: in ta mutu, a buɗe ƙofa ko a rufe?

Ɗan Adar, daga Tawa

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiyar adashi da bashi nan Tawa, galibin mutanenmu manoman albasa ne da ƴan kasuwa. Ni kaɗai ke kula da kwamfutoci, daga canza tawadar firinta har zuwa saba. Muna da gishe a Ƙwanni, Galmi, Madawa, Illela da Buza, ma'aikata duka su 64. Kalmar sirri kaɗai ba ta shigar da mutum manhajar lissafinmu, sai da sartifika cikin na'urarsa, wadda mu munka sa wa hannu da CA ɗinmu na gida, wato mai bayar da sartifika, da na haɗa da manhajar openssl. Manhajar tana kan wata saba da munka yi haya a Faransa, nginx ke tsaye bakin ƙofa tana duba masu shiga.

Watan da ya wuce anka sace kwamfutar ma'aikacinmu na Galmi a tasha. Yana bugo mini waya na soke sartifikarsa da openssl ca -revoke, na leƙa index.txt, kundin sartifikokin CA, na ga harafin V na mai aiki ya koma R na sokakka, na tafi gida da raina fari. Bayan kwana uku wani abu ya ce mini in gwada. Na ɗauko kwafin sartifikar da na ajiye, na nufi ƙofa da ita, sai ga ni ciki har shafin asusun mutane. Nan na sha jinin jikina. Ashe rubuta sunan ɓarawo cikin littafina daban, gaya wa mai gadi daban, kuma ban taɓa gaya wa nginx komai ba.

Sai na karanta kan OCSP, wato tsarin da mai gadi ke aika wa wata saba tambaya ko an soke sartifika kafin ya buɗe ƙofa. Na tayar da openssl ocsp a kan tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburina, wadda CA ɗin ke ciki, na buɗe mata hanya daga waje, na sa amsa ta yi minti 60 kafin ta tsufa. A nginx na sa ssl_ocsp on, da ssl_ocsp_responder tunda tsofaffin sartifikokinmu ba su ɗauke da adireshin inda za a tambaya. Abin ya yi kyau: ta Galmi ta dawo da revoked, wato an soke ta, sauran good.

Alhamis da ta wuce kuran ya ɗauke da hantsi. Ondilar ta riƙe minti ashirin ta mutu, gurup ba gazwal. Gishe biyar duka sunka tsaya cak, ga lokacin sayar da albasa, manoma sun yi layi a Galmi cikin ranar nan ta Afrilu. Maigida ya kira ni sau bakwai. Garin neman gira na rasa ido ke nan. Abin da ya fi ɗaure mini kai, kuran ya dawo bayan azahar, kwamfutar ta tashi, openssl ocsp na gudu, amma nginx ta ci gaba da korar kowa. Dole na kashe ssl_ocsp, kuma har yanzu a kashe take.

To mi ya hana ta aiki bayan dawowar kuran? Kuma akwai yadda zan ce wa nginx in ba ta samu amsa ba ta bar mutane su wuce? Allah ya saka da alheri.

Baban Linux, daga Yamai

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka taɓa komai, je kan kwamfutar ƙarƙashin teburin nan ka buga date ka gani. Ina kyautata zaton ɗan batirin agogon da ke kan allon uwa ya mutu, kuran na ɗaukewa ta koma wata shekara can baya. Amsar OCSP ɗinka tana ɗauke da lokuta: thisUpdate, wato lokacin da aka san labarin gaskiya ne, da nextUpdate, lokacin da ya kamata a nemi sabo. In agogonta ya koma baya da shekaru, amsar da take sa wa hannu yanzu-yanzu tana isa Faransa a matsayin wadda ta rube tuntuni. Nginx ba ta yi laifi ba. Mai gadi ne aka miƙo masa takarda mai tsohon kwanan wata ya ƙi karɓa. Ka tura tambaya da hannunka daga sabar Faransa, openssl ocsp tare da -url da -resp_text, za ka ga lokutan da idonka. Kada awa ɗaya ta ruɗe ka, su da lokacin UTC ake rubuta su, mu kuwa muna gaba da awa guda. Sa chrony ko wani abin daidaita agogo na NTP, sannan ka canza batirin.

Wannan ƙaramar magana ce. Babbar ita ce abin da ka ce CA ɗin na cikin kwamfutar da ka buɗe wa hanya daga intanet. Wannan ya fi satar Galmi tayar mini da hankali. Duk wanda ya fasa ta ya ɗauki mabuɗin sirrin CA, shi ke nan ya zama kai: zai buga wa kansa sartifika da sunan duk ma'aikacin da ya ga dama. Rufe hanyar nan yau, kada ka kwana da ita. Ƙa'idar OCSP, wato RFC 6960 ta 2013 wadda ta maye gurbin RFC 2560 ta 1999, ta yarda CA ya naɗa wakili. Ka fitar da sartifika ta daban, a extendedKeyUsage ka sa OCSPSigning, CA ɗin da ya ba ma'aikata nasu shi zai sa mata hannu. Da mabuɗin wakilin nan za a riƙa sa wa amsoshi hannu, na CA kuwa ya koma na'urar da ba ta kan rezo. Ana ƙara wa wakili alamar nocheck, don kada a shiga tambayar wa zai duba mai dubawa, shi ya sa ake gajarta kwanakinsa, kamar wata uku. Rubuta ranar ƙarewarsa a bangon biro da manyan baƙaƙe, don ranar da ya ƙare ba ka lura ba, Alhamis ɗinka za ta sake dawowa ko da kuran bai ɗauke ba. Ni ta taɓa ci na ana gobe Sallah.

Sannan mai amsar, wato openssl ocsp ɗin nan, ba ƙarƙashin teburinka ya kamata ya zauna ba. Mai tambaya na Faransa, kai shi kusa da ita, kan saba ɗaya ma in ka so, kai kuma ka riƙa tura masa sabon index.txt duk lokacin da ka soke wani. Ka kula, tsofaffin sigogin openssl sau ɗaya suke karanta fayil ɗin, lokacin tashi, don haka ka gwada naka ka ga ko sai an sake tayar da shi. Su kansu masu openssl sun rubuta a littafin bayaninsu cewa sabar nan ta gwaji ce da nuni. Masu aikin gaske sukan koma EJBCA ko cfssl, ko kuma Online Responder na Windows Server.

Hajiya Mai Rezo, daga Yamai

Baba ya faɗi gaskiya kan agogo da mabuɗi, amma ni Malam Ɗan Adar tambayata ɗaya ce: me ya kai ka OCSP tun farko? Mutum 64, mai gadi ɗaya, kuma kai ke riƙe da mai gadin. An ƙirƙiro OCSP ne saboda jerin sunayen sokakku, wato CRL, yakan kumbura a wurin manyan CA har ya zama nauyi ga mai saukewa. Naka jerin suna nawa ne a ciki? Ɗaya. Ko ka soke rabin ma'aikatanku bai wuce ƴan kilobayit ba. Buga openssl ca -gencrl, ka kwafa fayil ɗin zuwa Faransa, ka nuna wa nginx shi da ssl_crl, ka sa ta sake karanta saitinta. Daga nan ko Tawa ta kwana uku ba kuran, gishe na aiki, domin jerin yana hannun mai gadi, ba sai ya aika a tambayo ba.

Kada ka ga kamar komawa baya ne. A 2023 taron CA/Browser Forum, inda manyan CA da masu burauza ke tsara ƙa'idoji, ya mayar da CRL dole ga CA na jama'a, OCSP kuma ganin dama. Let's Encrypt, ɗaya daga cikin manyan CA na jama'a, da kanta ta kashe sabobinta na OCSP ranar 6 ga Agusta 2025. Babban dalilin da ta bayar shi ne sirrin mutane: duk wanda burauzarsa ta yi tambaya, CA ya san daga wane adireshi aka ziyarci wane shafi. Wannan bai shafe ka ba tunda naka na gida ne, na kawo shi ne don ka san manya ma sun sauke kayan da kake ƙoƙarin ɗauka.

Tarko biyu ne a hanyar tawa. CRL ma yana da nextUpdate, in ya wuce nginx za ta kori kowa, mai laifi da marar laifi. Ba shi kwana 30, ka riƙa sabuntawa duk mako, ka sa wani ɗan rubutu a saba ya aiko maka saƙo in saura kwana goma. Na biyu, in CA ɗinka hawa biyu ne, uwa da ɗiya, sai ka haɗa jerin kowannensu cikin fayil ɗin, don nginx tana duba sarƙar duka. Wannan ya ci mini yini guda cur a wani wurin aiki kafin in gane.

Baban Linux, daga Yamai

Hajiya, ban ƙi taki ba, ga mutum 64 ke ce da gaskiya. Ranar da masu tambaya suka yi yawa, a ce an ƙara VPN da wata manhaja ta biyu da ta uku, kwafa fayil wuri-wuri zai fara gundurarsa, a nan OCSP ke biyan kuɗin sabulu. Ko a lokacin ma amsoshin da aka riga aka sa wa hannu aka ajiye, irin tsarin RFC 5019, sun fi a riƙa ƙera sabuwa ga kowane mai tambaya.

Na manta ban amsa tambayarka ta biyu ba, ƙanena, kuma ita ce mai haɗari. A'a, kada ka nemi hanyar da za a bar mutane su wuce in amsa ba ta zo ba. Burauzoci sun daɗe suna haka don kada mutane su yi ƙorafi, sai ya zama wanda ya iya tare hanya yana iya tare tambayar ma, binciken ya tashi a banza daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wannan na cikin abin da ya sa Chrome ta daina irin wannan tambayar tun 2012 ta koma tura nata jerin. Kai kuwa kuɗin manoma kake tsaro. Ɓarawon da ya san sabarka na mutuwa duk lokacin da kuran ya ɗauke, zama kawai zai yi ya jira watan Afrilu. In minti 60 ne ke takura ka, tsawaita nextUpdate ka kunna ssl_ocsp_cache, amma ka sani iya tsawon da ka ba amsa, iya tsawon da sokakkiyar sartifika za ta iya ci gaba da shiga ke nan. Wannan ba hukuncinka ba ne kai kaɗai. Zauna da maigidanku ka tambaye shi awa nawa ya yarda ɓarawo ya yi da mabuɗi a hannu.

Wani abu kuma: good ba ta nufin ku kuka bayar da sartifikar, a asalin ƙa'ida tana nufin ba a soke ta ba ne kawai. A 2011 da aka fasa DigiNotar, wani CA na ƙasar Holan, aka buga sartifikokin bogi sama da 500, har da na Google, an samu masu lambobin da babu su a kundin kamfanin, saba kuwa na amsa musu da good tunda ba sa cikin jerin sokakku. Ƙirƙiri lambar da ba ka taɓa bayarwa ba ka tambayi taka, ka tabbata unknown take cewa, kuma ƙofa ba ta buɗuwa.

Na Ƙwanni

Ni ban san komai a nan ba, karatu nake. Amma ina cikin waɗanda sunka yi layi ranar Alhamis, a gishen wata ƙungiya da ba zan faɗi suna ba. Ashe kai ne. Allah ya shirya.

Ɗan Adar, daga Tawa

Na Ƙwanni, a yi haƙuri, ka biyo ni bashin shayi.

Baba, Allah ya ƙara girma, kamar kana tsaye bayana. Na buga date, kwamfutar ta ce muna 1 ga Janairu 2013. Batirin CR2032 ne, na samo shi wurin mai gyaran agogo a kasuwa dala ɗari. Na rufe hanyar waje tun daren jiya, na duba rajistar shiga ban ga baƙon sawu ba, amma raina bai kwanta ba tunda ta yi mako uku a buɗe. Na gaya wa maigida in an gama kakar albasa zan haɗa sabon CA a na'urar da ba ta taɓa ganin rezo ba, in bi gishe-gishe in sake wa kowa sartifika. Ya tambayi kuɗin mai, ya yi shiru, sannan ya ce to.

Hajiya, hanyarki na bi. CRL na Faransa tun safe, na gwada da kwafin ta Galmi an kore ni, na gwada da tawa na shiga. Na zare filogin tsohuwar kwamfutar da gangan na kira Madawa, sunka ce aiki suke. Saura abu ɗaya da ban warware ba: mabuɗin CA zai koma cikin akwati, sabunta CRL kuwa sai da shi, ke nan duk mako sai na ɗauko shi da hannuna. In na tafi hutu ko ciwo ya kwantar da ni fiye da kwana 30, wa zai yi? Akanta kaɗai maigida ya yarda da ita, ita kuwa ba ta taɓa buɗe baƙin allon umarni ba. Na fara rubuta mata matakan a takarda, layi shida ne, ranar Litinin za mu gwada ina zaune gefe ban sa baki ba.