Sau uku ina fara rage ƙiba ina komawa gidan jiya

Mai Ɗinki, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Tun haihuwata ta huɗu nauyina ya tsaya a kilo 94. Gwiwoyi na ciwo har sallah a tsaye tana ba ni wuya, ga jinina ya fara hawa, ga shi wuni nake a kan keken ɗinki. Sau uku ina ɗaura niyya, in bar tuwon dare da lemon kwalba, in yi sati biyu, biki ɗaya ya rushe komai. Da na ɗan zabge kuma sai dangin miji su ce, "Lafiya kuwa? Ko yayanmu ya daina cefane ne?" Anya ba ni ce marar zuciya ba?

Ɗalibar Kiwon Lafiya, Samaru:
Wa alaikumus salam, Yaya. Wallahi ba rashin zuciya ba ne. A farkon shekarun 1980 wasu masana a Amurka, Prochaska da DiClemente, sun bibiyi masu daina shan taba, suka ga sauya ɗabi'a hawa-hawa ne: akwai wanda abin bai dame shi ba, da mai tunani, da mai shiri, da wanda ya fara, sai wanda ya riƙe fiye da wata shida. Yawanci sai sun zame sun sake tashi kafin abin ya zauna. Ke shirin kike tsallakewa, kina ɗaukar komai rana ɗaya. Ɗauki abu guda. Kwalbar lemo ɗaya tana da sukari wajen ƙaramin cokali tara, ki fara da ita, ki bar tuwonki tukuna. Kuma tun daga gida ki yanke abin da za ki ci a gidan biki. Ko kilo 5 kika sauke, jininki zai nuna.

Tsohon Malami, Ƙofar Doka:
'Yata, ni da sallar asuba na haɗa tafiyata ta motsa jiki. Ina fitowa masallaci sai in miƙe, ni da maƙwabcina, minti 30. Ran da sanyin hunturu ya sa na yi nawa, shi ke buga min ƙofa. Nemi abokiyar yi, ko zagayen tsakar gida ne. Dangin miji kuwa, ki ce musu likita ne ya ce, ba mai ja.

Mai Ɗinki, Tudun Wada:
Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma. Ƙanwata, yau zoɓo marar sukari na ajiye gefen keke. Asabar akwai suna a Gyallesu, zan ci abincina kafin in fita.