Gonar Kaka, Takardar Banki

Na-Kaka: Salamu alaikum. Yau manoman filayen tsakiyar Amurka za mu waƙe. Amsa-amonmu "na".

Ku taho mu leƙa jihar Ayowa, ƙasar masara,
Inda fili ya miƙe har mafaɗar rana.

A 1935 gonakin Amurka miliyan 6.8 ne,
Ƙidayar 2022 ta ce ba su kai miliyan 2 ba, ku auna.

Ƙasar tana nan, ba ta yi ƙafa ba,
Iyalan da ke kanta ne suka rasa wurin kwana.

Uwar Rumbu:

Malam, ka taɓo inda ke mini ciwo,
Bari in faɗi yadda aka haƙa ramin, a tuna.

Earl Butz, sakataren noma a shekarun 1970,
Ya ce mai ƙaramar gona ya faɗaɗa ko ya bar gona.

Suka ci bashi, suka ƙaro fili da tarakta,
Hatsi na tsada, banki na musu maraba da murna.

A 1980 Shugaba Carter ya tsuke cinikin hatsi da Tarayyar Sobiyet,
Kuɗin ruwa ya haura kashi 20, bashi ya soma ƙuna.

Darajar fili a Ayowa ta zube fiye da rabi,
Jinginar da aka bayar ta kasa biyan bashin bana.

Ranar gwanjo uwargida na tsaye bakin taga,
Ana kiran kuɗin garmar da surukinta ya yi wa suna.

Maƙwabta sun zo, kowa kansa a sunkuye,
In ya taya ya ci amana, in ya ƙi baƙo ya zauna.

An kafa fararen gicciye a harabar kotuna,
Kowane ɗaya gona ce da ta kuɓuce, don a nuna.

Wasu magidantan kunya ta rufe musu baki,
Har suka kashe kansu, ba su gaya wa kowa damuwar ba ko da rana.

Ɗan Tasha:

Inna, a gafarce ni, ina da tambaya:
Ba manyan kamfanonin noma ne suka sa abinci araha ba a kantuna?

Uwar Rumbu:

Ɗana, araha gaskiya ce, ban musa ba,
Amma tambayi wanda aka cire wa kuɗin daga ribar gona.

Sarkin Noma Ƙarami:

Ɗan'uwa, zo ka ga yadda cinikin yake a yau,
Ni ma abin ya daɗe yana sosa raina.

Kamfanonin nama Tyson da Cargill da JBS da National Beef,
Kusan kashi 85 na shanun ƙiwata su ke yankawa a mayankuna.

Makiyayi a jihar Nabaraska ya kai garkensa kasuwa,
Masu taye ƙalilan ne, abin da suka faɗa shi ne magana.

Iri kuwa da hatimin mallaka yake zuwa,
Ka ajiye na baɗi daga girbinka, sai kotu ta kira ka da suna.

Kamfanin Bayer ya haɗiye kamfanin Monsanto a 2018,
Masu sayar da iri suka ƙara raguwa mana.

Na-Kaka:

Madalla. Ga abin da ya biyo baya a ƙauyukan:
Makarantu sun haɗe, yara na doguwar tafiya a bas kullum rana.

Matsakaicin shekarun manomi a can 58 ne yanzu,
'Ya'yansa na biranen Omaha da Des Moines, can suka zauna.

In ya rasu magada su sa filin a kasuwa,
Saurayin da ke son noma ba shi da kuɗin taya gona.