Jirgin ruwa mai tuƙa kansa: inda muka kai da inda muka makale

Mai Solda: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan ina haɗa ɗan jirgina da bututun roba biyu, na ɗora masa Pixhawk, wato ƙaramar kwamfutar da ke tuƙa shi, da manhajar ArduPilot da take aiki da ita. Da rimot yana tafiya lafiya lau. Amma ranar Asabar a dam ɗin Tiga, da na zana masa hanya a manhajar Mission Planner na sake shi, sai ya yi ta kewaya wuri guda. Dole na roƙi wani masunci ya ɗauko min shi da kwale-kwale. Wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, duba inda ka ajiye kamfas. Nawa ma haka ya yi min. Wayoyin batir ne suka bi ta gefensa, da zarar injin ya ja wuta sai maganaɗisu ya rikita shi, ya rasa ina ne arewa. Na ɗaga GPS da kamfas a kan sanda mai tsawon kamu biyu, na murɗe wayoyin wuta su biyu tare, na sake saita kamfas ɗin nesa da mota da ƙarafa. Tun ranar bai ƙara yi ba.

Ɗan Yamai: Ni ciyawa ce ta gama da ni a kogin Neja. Ta nannaɗe farfela, injin ya ci gaba da ja har na'urar da ke sarrafa gudunsa ta ƙone. Yanzu farfelar iska nake gwadawa a sama, sai dai tana shan batir sosai.

Malama Injiniya: Ku kula da zafi ma. Na toshe akwatin kayan lantarki da silikon don kada ruwa ya shiga, rana ta dafa shi, batirin LiPo (wani nau'in batirin lithium) ya kumbura. Da yamma kuma na tarar da gumi a cikin murfin. Na yi wa akwatin farin fenti, na zuba 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi. Kuma don Allah kada a yi cajin batirin da ya kumbura.

Duk lokacin da raina ya ɓaci nakan tuna SeaCharger, ɗan jirgin ruwa mai tuƙa kansa da Damon McMillan ya ƙera. A 2016 ya tashi daga Kalifoniya da hasken rana kaɗai ya isa Hawai. Da aka sake tura shi zuwa New Zealand, abin juya akalarsa ya lalace a hanya, sai wani jirgin dakon kaya ne ya tsamo shi.

Mai Solda: Yaya Baban Sadiya, ka yi gaskiya, kamfas ɗina na manne da wayar batir. Na sayo sandar. Wannan karon a kududdufin unguwarmu zan fara gwadawa, da igiya ɗaure a bayansa.