Kiwon ƙwari a gida don ciyar da kadangare: gyare zan fara ko kyankyason dubiya?

Mai_Tsaka:
Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu kiwon kadangaru da su tsaka ku zo ku ba ni shawara. Ina da tsaka guda biyu irin masu ɗigo-ɗigon damisa ɗin nan, sai kadangare mai gemu ɗaya wanda bai gama girma ba, to shi wannan ɗin ci yake ba ƙaƙƙautawa, kafin ka juya ya share duk abin da ka zuba masa yana kallonka. Sayen ƙwari kullum ya fara isata gaskiya, ga shi wani lokacin a kawo maka gyare ka buɗe ka tarar rabi sun mutu a hanya. Shi ne nake tunanin in fara kiwonsu da kaina. Wanne ya fi sauƙi ga wanda bai taɓa yi ba? Abu biyu ne suka fi damuna, wari da kuma kada su tsere su cika gida, don ba ni kaɗai ba ne a gidan. Na gode.

Baban_Dubiya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ni dai in ka bi tawa ka kama dubiya, ka rabu da gyare tukuna. Na san da an ce kyankyaso sai mutum ya ji tsigar jikinsa ta tashi, amma wannan ba irin na bayan gida ba ne, asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ba ya da saurin gudu, ba ya iya hawa roba mai santsi, ba ya kuka da dare, kuma namijin ko da yake yana da cikakken fiffike ba tashi yake ba, iyakarsa in ya faɗo daga sama ya ɗan yi fuffuka. Macen kuwa fiffikenta ɗan guntu ne, da shi ma ake bambanta su da ido.

Abin da ya sa nake son su shi ne ba sa ajiye ƙwai a ƙasa balle ka yi ta fama da shi. Macen tana riƙe ƙwan a cikinta har ya ƙyanƙyashe, sai kawai wata rana ka ɗaga kwali ka ga 'ya'ya farare ƙanana sun kewaye ta, kamar 20 zuwa 40 a haihuwa ɗaya. Kayan aikin ma ba wani yawa: babbar roba mai zurfi mai santsin ciki, ka yanke tsakiyar murfin ka manna raga don iska, ka jera kwalayen ƙwai a tsaye ba a kwance ba saboda kashinsu ya riƙa zubowa ƙasa, kar ka zuba ƙasa ko dusar katako a gindin robar, ba sa buƙata kuma wahalar shara kawai za ta ƙara maka. Namiji ɗaya ga mata uku zuwa biyar ya isa, in maza suka yi yawa faɗa suke har su cinye wa juna fiffike.

Zafi shi ne komai a wajensu. Tsakanin digiri 28 zuwa 33 suna haihuwa sosai, in ya sauko ƙasa da 22 ko makamancin haka ba za su mutu ba amma haihuwa ta tsaya cak. In inda kake akwai sanyi ka sa shimfiɗar ɗumi ta lantarki a gefe ɗaya na robar tare da na'urar da take kashe ta in zafin ya kai, kar ka haɗa ta kai tsaye ka tafi ka bari.

Sai abu mafi muhimmanci wanda yawancin mutane a nan suke faɗuwa, haƙuri. Ɗan dubiya yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin ya balaga. In ka sayo su yau gobe ka fara ɗiba kana ba kadangare, musamman manyan matan, to ka cinye jarinka, garken ba zai taɓa tashi ba. Ka ci gaba da sayen abinci daga waje na wasu watanni har sai ka ga ƙanana da matsakaita sun cika kwalaye, sannan ka fara ɗiba, kuma ka fara da rarar mazan.

Uwar_Hawainiya:
Malam Baban_Dubiya ya yi bayani mai kyau, amma ni zan ce tunda kana da tsaka biyu ka haɗa da tsutsar milwom, don ita ce mafi sauƙi a duk cikinsu, ko a cikin durowar roba za ka iya kiwonta. Dusar alkama kamar tsawon ɗan yatsa a gindin roba, ita ce shimfiɗarsu ita ce abincinsu, sai ka riƙa ɗora yankan karas a sama su sha ruwa a jikinsa. Kar ka sa musu ruwa a kwano, kuma kar dusar ta jiƙe, da ta yi danshi sai fumfuna da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu kama da ƙura su mamaye robar, in ka ga kamar gari yana motsi a jikin bango to su ne.

Ita tsutsar ai ba tsutsa ba ce har abada, ƙwaro ne baƙi yake yin ƙwai, ƙwan ya zama tsutsa, tsutsar ta yi ta saɓa tana girma wata biyu zuwa uku, sai ta lanƙwashe ta zama wani abu fari wanda ba ya ci ba ya tafiya, in ka taɓa shi sai dai ya karkaɗa gindi, bayan sati ɗaya zuwa uku sai ƙwaron ya fito da farko fari-fari, ya koma ja, ya koma baƙi. Waɗannan fararen ka riƙa tsince su kana ware su a wata roba daban, don manyan ƙwarin da tsutsotsin kan ci su. Su ma baƙaƙen ƙwarin duk bayan sati biyu ka tankaɗe su da rariya ka mayar da su sabuwar dusa, tsohuwar ka ajiye ta kar ka zubar, cike take da ƙwai ko da ba ka ganinsu.

Amma dan Allah ɗan'uwa ka ji wannan da kyau, shi ne abin da ya sa na shigo. Ko wane ƙwaro ka kiwata, abin da ke cikinsa shi dabbarka za ta ci. Milwom da gyare da dubiya duk kalsiyam ɗinsu, wato sinadarin da ke gina ƙashi, kaɗan ne, wani sinadarin da ake kira fosfaras ya fi yawa, alhali kadangare yana son kalsiyam ya ninka fosfaras kamar sau biyu. Shi ya sa ake ware waɗanda za a bayar a ciyar da su ganye mai kyau da karas da kabewa na awa 24 zuwa 48, sannan a barbaɗa musu hodar kalsiyam kafin a zuba. Shi mai gemun kuma dole ya samu fitilar UVB, wato mai ba da irin hasken da yake samu daga rana, in ba haka ba jikinsa ba zai iya amfani da kalsiyam ɗin ba. Na taɓa ganin ƙaramin kadangare da ciwon laushin ƙashi, muƙamuƙinsa ya yi laushi ba ya iya kama abinci, ƙafafu suna rawa yana jan ciki, wallahi abin tausayi, kuma abu ne da ake iya kaucewa. Sannan milwom tana da kitse da ɓawo mai tauri, kar ka mayar da ita abincin ƙaramin mai gemu na kullum, tsakar dai ba laifi.

Gyare_Sarki:
Haba jama'a kun yi wa gyare taron dangi. Eh yana da wari in ba a share ba, yana kuka, yana tsalle ya tsere, amma wa ya kai shi saurin yawa? Ka sa musu ɗan kwano da ƙasa mai danshi matan su yi ƙwai a ciki, ka ɗauke kwanon ka ajiye a wuri mai ɗumi kamar digiri 30, cikin sati biyu 'ya'ya sun fito, sati 6 zuwa 8 sun girma. Kuma tsallen nan nasa yana sa dabba ta yi farauta ta motsa jiki, akwai waɗanda in ƙwaro bai motsa ba ko kallonsa ba sa yi, shi kuwa dubiya da ka jefa shi sai ya lafe. Mutuwar da suke yi yawanci rashin iska ne da barin gawarwaki a ciki, ka riƙa kwashe matattu kullum, ruwa kuma a soso ko auduga don nutsewa suke ko a ɗan ruwa kaɗan. In za ka saya ka nemi irin mai zane a baya, ya fi juriya kuma kukansa bai kai na gyaren gida ba, gonakin kiwon gyare da yawa a Amurka sun koma kansa bayan wata cutar bairos ta kashe musu gyaren gida wajen 2010.

Mai_Tsaka:
Kai Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Ina ganin dubiya da milwom zan haɗa. Amma Malam Baban_Dubiya in wasu suka kuɓuce fa, ba za su hayayyafa a gida ba? Kuma kafin garken ya tashi ba zan iya kamo fara da ƙwarin fitila a waje in rage kashe kuɗi ba?

Baban_Dubiya:
A ƙasashe masu sanyi wanda ya tsere yakan mutu ne kawai, amma inda ake zafi da danshi zai iya rayuwa, shi ya sa ma aka hana kiwonsa a wasu wurare kamar jihar Florida, to ka fara bincika dokar inda kake. Ka liƙa faffaɗan salatif mai santsi zagaye da bakin robar ta ciki ko ka shafa basilin, don jariran kan iya hawa in robar ta yi kaushi ko ta yi datti, murfi kuma kullum a rufe. Ranar shara ka fita waje ka sa takunkumi da safar hannu, ƙurar kashinsu tana jawo wa wasu atishawa da ƙaiƙayi har da sarƙewar numfashi in an daɗe ana shaƙa.

Na waje kuwa ban ba ka shawara ba, ba ka san inda aka yi feshin magani ba, ga tsutsar ciki da suke ɗaukowa. Musamman ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guba ne, guda ɗaya ma yana iya kashe kadangare mai gemu. Kuma ko daga robarka ne kar ka ba shi ƙwaron da ya fi faɗin tsakanin idanunsa girma.