Aiki a Riyad: da gaske ma'aikaci na samun shiga fili kallon su Ronaldo?

Ɗan_Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa fita aiki Saudiyya ko Qatar. Ni mai gyaran AC da firij ne a nan Samaru, wani ejan ya kawo min maganar aiki a Riyad, wai kamfani ne mai kula da manyan gine-gine ke neman masu aikin sanyi. Hanya biyu ya ba ni, ko in jira bizar aiki wadda ya ce tana ɗaukar lokaci kuma ta fi kuɗi, ko in tafi da bizar Umra in na sauka "za a san yadda za a yi". Ba zan ɓoye muku ba, bayan neman halal abin da ke ƙara ja na ƙwallo ne, Ronaldo yana Al-Nassr, Super Cup na Sifen ma can ake kai shi, ga kofin duniya na 2034 an ba Saudiyya. To ma'aikaci irina yana samun lokaci da kuɗin tikiti kuwa, ko dai duk hoton Facebook ne ake mana?

Abu_Khalil_Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni ɗan Tudun Wada ne, ina tuƙi a wani kamfani nan Riyad. Kafin mu zo kan ƙwallo, maganar Umra ɗin nan ka cire ta a ranka gaba ɗaya. Bizar Umra ba ta aiki ba ce kuma ba a mai da ita igama, wato katin izinin zama a ƙasar, duk wanda ya ce maka za a san yadda za a yi to shi ya riga ya san yadda zai yi da kuɗinka. Ranar da wa'adinta ya ƙare ka zama ɗan ɓuya, ba asusun banki, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, ka hango motar shurɗa, wato 'yan sanda, gabanka na faɗuwa, in an kama ka sai tarhil a dawo da kai Kano da kayan jikinka a kuma hana ka shigowa. Mutumin da ke gudun 'yan sanda shi ne zai kai kansa filin wasa inda suka fi ko'ina yawa?

In da bizar aiki ka zo kuwa, eh ana kallo, ni na shiga. Kuma sana'arka ta yi maka daɗi ta wani ɓangaren, domin lokacin da masu AC ba sa iya ko sosa kai shi ne tsakiyar zafi, Yuni da Yuli, lokacin kuma lig ɗin na hutu. Wajen Agusta ake dawowa a tafi har Mayu, manyan abubuwan kuma irin su dambe da Super Cup yawanci da sanyi ake yin su, sa'ilin aikinku ya ɗan lafa. Wasanni galibi da dare ne, in azumi ne ma sai bayan tarawihi. Tikiti a waya ake saye da kati, wasa da ƙananan kulob ba tsada, mai ƙaramin albashi zai iya lokaci-lokaci, amma ranar Al-Hilal da Al-Nassr ka manta kawai, kafin ka tashi aiki ka duba waya sun ƙare. Abin da ya fi tikitin wahala ma hanya ce, gidajen ma'aikata can bayan gari suke, Riyad kuma ba Zariya ba ce da za ka tare ɗan acaɓa daga Kwangila ya sauke ka PZ. Jirgin metro da aka buɗe ƙarshen 2024 ya rage wahala sosai, riyal 4 ne, sai dai ba ko'ina ya kai ba, sau da yawa kuɗin tasi na dawowa ya fi na tikitin.

Fili kam akwai daɗi wallahi, ko'ina rawaya kalar rigar Al-Nassr, in Ronaldo ya ci ƙwallo ya ruga kusurwa ya yi tsallen nan kowa ya haɗa baki "siuu" sai ka ji a ƙirjinka. Amma kujerar da kuɗinmu ke kaiwa can sama ce, da lambar riga kake gane mutum. Kuma da sun ji ka ce Najeriya sai ka ji "Musa, Musa", ba su manta Ahmed Musa ba, ya buga wa Al-Nassr daga 2018 zuwa 2020 har suka ɗauki lig da shi.

Sojan_Gyallesu:
Ni bari in ba ka nawa daga Qatar. Gadi na yi lokacin kofin duniya na 2022, kuma kullum mutane a gida cewa suke na more, na kalli kofin duniya kyauta. Ranar da Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a Lusail ina wajen, amma a bakin ƙofa, riga mai sheƙi a jikina ina nuna wa mutane hanya, da ihu kawai nake gane an ci, sai wani Balarabe ya fito a guje yana kuka ya rungume ni sannan na san wa ya ci wa. Waɗanda aka sa a ciki ma baya suke ba fili, jama'a aka ce su kalla, ka waiwaya sufabaiza na ganinka. Awa 12 a tsaye, ga tafiyar bas zuwa masauki, ka dawo ƙafa ta kumbura barci kawai kake nema.

Ba wai an hana mu ba ne fa, akwai tikitin riyal 40 da aka ware wa mazauna ƙasar a wasannin rukuni, wasu abokaina sun samu sun shiga. Mu dai yawanci a filin kurket na Asian Town muke kallo inda aka kafa wa ma'aikata babban allo, mu da 'yan Kenya da Uganda da Nepal da Bangaladesh, kowa ya koma ɗan Moroko har suka kai kusa da na ƙarshe, tunda mu Ghana ta riga ta fitar da mu a Abuja tun watan Maris. Kuma ka san mafi ƙarancin albashi a can riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai ba ka su ba, cikin wannan za ka tura wa gida ka biya bashin ejan, to lissafa ka gani sau nawa za ka je fili. Da aka tashi gasar ma da yawa masu gajeren kwantiragi gida aka maido su. Ni dai abin da zan ce, ka sa a rubuta maka awa nawa ne aikin, wace rana ce hutu, ana biyan obataim ko ba a biya, kuma fasfo ɗinka ya zauna a hannunka, doka ba ta yarda kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya riƙe ba ko da yake wasu na yi.

Baban_Gidan_Kallo:
Hhhh malam 2034 fa ka ce? Ronaldo haihuwar 1985 ne, lokacin yana da shekara 49, sai dai ka gan shi a kujerar manyan baƙi da babbar riga. Sannan Saudiyya ta riga mu da awa biyu, Champions League ɗin da muke kallo ƙarfe tara a Sabon Gari ku sha ɗaya za a fara muku, a tashi wajen ɗaya na dare ga aiki da asuba. Mu nan ko NEPA ta ɗauke janareto na nan, ga musu ga gyaɗa. Ka je ka nemo kuɗi dai ka dawo ka saya mana sabon allo, wannan namu ya fara layi-layi.

Maman_Ummi:
Ɗana, ni ba ruwana da ƙwallo, amma ƙanin maigidana haka aka yi masa daɗin baki ya sai da filinsa na Dogarawa, har yau ba biza ba kuɗi, ejan ɗin ya canza layi. Ka tambaye shi lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, masu kai mutane aiki waje na gaskiya suna da shi. Kar ka ba da ko sisi hannu da hannu, ta banki da shaida, kuma ka je da wani babba a gidanku ya ga ofishin da idonsa. Iyayenka sun san da maganar ma kuwa?

Ɗan_Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama sun sani, Baba ne ma ya ce in bincika tukuna. Umra kam na fasa. Yaya Abu Khalil, ejan ɗin ya ce bizar da ke hannunsu yanzu ta direban gida ce amma in na isa aikin AC ɗin zan yi, wai duk ɗaya ne. Haka ne?

Abu_Khalil_Riyad:
Ba ɗaya ba ne sam. Abin da aka rubuta a igamarka shi ne aikinka a idon hukuma, in an same ka kana wani daban laifi ne. Kuma gyaran dokar da aka yi a Maris 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar neman bizar fita da dawowa da kansa a manhajar gwamnati ta Absher da kuma canza kamfani in ya cika sharuɗɗa, bai haɗa da direban gida da 'yan aikin gida ba, su har yanzu sai yadda maigida ya ce, ranar da ake wasan ma kai ne za ka kai yaransa fili ka jira su a wajen ajiye motoci. Ka ce ya nuna maka kwantiragi mai sunan kamfanin da sana'ar da aka rubuta, ka ɗauki hotonsa ka turo min in karanta maka Larabcin kafin ka sa hannu.