Wa ke da kakan da ya yi aikin jirgin ruwa lokacin yaƙin Hitila?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum jama'a. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya bar ƙauyenmu a ƙasar Zazzau ya tafi Ikko cirani, daga dako a Apapa ya samu shiga jirgin kaya na kamfanin Elder Dempster yana zuba kwal a wuta. Goggona ce ke ban labarin, wai har ya tsufa in ya ji ƙarar ƙarfe da dare sai ya zabura ya zauna. Ko akwai mai irin wannan a gidansu? Kullum labarin sojan Bama ake ji, su waɗannan shiru.

Maman Hafsa:
Wa alaikumus salam. Mu namu na gida ne ba na teku ba. Kakata ta ce abin da ya fi gallabarsu gishiri ne, ya yi tsada har miya sai dai a jefa kanwa ko manda in an samu, kananzir kuwa babu, aka koma aci-balbal da man gyaɗa, ga mai gari na bi gida-gida ana ɗibar samari zuwa haƙar kuza a Jos tun 1942, ƙaninta ya tafi ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba saboda sanyin wurin.

Malam Bature Kano:
Ɗan Zango kakanka ya ga tashin hankali kam. A Firitawun ta Saliyo jiragen ke taruwa su yi ayari kafin su nufi Liverpool da gyaɗa da manja da kuza, Jamusawa na dakonsu a ƙarƙashin ruwa. Jirgin Abosso na kamfanin Elder Dempster ɗin nan a watan Oktoban 1942 aka nutsar da shi, mutum sama da 350 suka rasu. Kuma masu zuba kwal su ne can ƙasa, in an harbi jirgi su ne ƙarshen fitowa.

Ɗan Zango:
Allahu akbar, Malam wallahi jikina ya yi sanyi. Goggo ta ce shekara uku ba wasiƙa ba saƙo har an fara maganar a raba aurensa da kakarmu, sai ga shi ranar kasuwa da akwatin ƙarfe a kai. Akwatin na nan a ɗakinta.

Maman Hafsa:
Don Allah ka je ka ɗauki muryar Goggo a waya tun tana da ƙarfi, ka buɗe akwatin ma a gabanta ko akwai takardarsa ta aiki a ciki. Ni ban yi ba har tsohuwar ta rasu, abin na damuna har yau.