Irin latas ya ƙi tsirowa a bayan gidana, ko gishiri ne?

Baban Hauwa (Zangon Nungua): Salamu alaikum jama'a. Na gyara komi huɗu a bayan gida, na zuba irin latas da albasa. Yau kwana 18, abin da ya fito bai kai cikin tafin hannu ba, shi ma gefen ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta. Irin nan kuwa shi ƙanina ya shuka a unguwar Madina ta nan Accra, kafin sati ya fito fes. Da ruwan burtsatse nake ban-ruwa, kuma gaskiya yana da zartsi, uwargida ma ba ta yarda ta dafa shayi da shi. Da rana sai in ga wani fari-fari a saman ƙasar.

Tsohon Ɗan Lambu (Dzorwulu): Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ba kanka amsa. Ruwan da ya gagari shayi, ai latas ma ba zai sha ba. Iri sai ya tsotsi ruwa ya kumbura kafin ya fashe. In gishiri ya yi yawa a ƙasa, shi ke riƙe ruwan, sai iri ya kwana cikin danshi yana jin ƙishi. Farin nan gishiri ne: rana ta kwashe ruwa, ta bar maka shi a sama, daidai inda irin yake kwance. Kuma ka zaɓo masu raki. Albasa, karas, wake da latas ba sa jimrewa ko kaɗan, tumatir ya fi su dauriya.

Malama Ummi: Baba ya gama magana. Sai dai ka auna, kada ka tsaya ga harshe. Akwai ƙaramar na'urar TDS, mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, masu sayar da kayan tace ruwa suna da ita. In ta nuna ƙasa da 450 babu damuwa. Daga nan zuwa 2000 sai da lura, in ya haura 2000 ka haƙura da shi. Ku na bakin teku an san rijiyoyinku da wannan matsala. Wane taki ka sa?

Baban Hauwa: Kashin kaji, buhu biyu, ɗanye.

Tsohon Ɗan Lambu: Ash! Gishiri kan gishiri. Ɗanyen kashin kaji shi kaɗai ma yana ƙona iri, sai ya ruɓe tukuna. Yanzu ka kankare farin nan ka zubar can nesa. Ka tona hanyar da ruwa zai fita, sannan ka cika komin da ruwan famfo har ya nutse, sau biyu ko uku. Yayyafi kaɗan-kaɗan shi ke jawo gishirin sama. In ka tayar da kunyar shuka, kada ka shuka a ƙololuwa, can yake taruwa, shuka a gefe. Ni da ni ne, sai in yi renon irin a tire da ruwan sama, in jira ruwan Mayu da Yuni ya wanke ƙasar kafin in dasa.

Baban Hauwa: Allah ya saka da alheri, Baba. Gobe zan kafa duro a ƙarƙashin indararo. Malama, a ina kika sayi na'urar taki?